Kwanon da Ban Mayar wa Kogi Ba

Da a ce lokacin ƙuruciyata wani ya gaya mini wata rana zan saka babbar riga, in shafa turare, in hau bayan moto, wato babur ɗin haya, da jikoki biyu don in je kallon matattun namun daji a cikin ɗaki, da na ce a kai shi a yi masa rubutu ya sha. A zamaninmu ba ka zuwa wurin dabba, ita take zuwa wurinka, sau da yawa ma ba ka gayyace ta ba. Dorina ta sha cinye mana gonar masara kafin gari ya waye, birai kuwa sun raina matan unguwarmu har cikin madafa. Amma ga shi Allah ya ja kwanana na ga ranar. A nan Garwa akwai wani dogon ɗaki da aka tara fatu da ƙahonni da ƙasusuwan dabbobi, 'yan lekol, wato 'yan makarantar boko, suna ce masa mize. Shekara da shekaru ina wucewa ta bakin hanyarsa ban taɓa leƙawa ba. Mutane suna zaton halin tsofaffi ne na rashin son sabon abu. Ni kuwa tsoro nake ji, don ina zargin abin da ke ciki.

Wadda ta ja ni can ita ce Uwani, 'yar babban ɗana, shekararta takwas. Sunan marigayiya mai ɗakina aka sa mata, shi ya sa nake kiranta Uwargida, ita kuma tana ce mini tsohon miji mai rowar goro. Akwai ƙaninta ɗan shekara huɗu, muna ce masa Modibbo saboda yadda yake harɗe ƙafa yana kallon mutane kamar zai ba da fatawa. Tun suna rarrafe nake ba su labarin ayu, har sun haddace shi, in na tsallake wani wuri su gyara mini. Labarin gaskiya ne daga farkonsa har kusa da ƙarshe. Ƙarshen ne ƙarya. Nakan ce musu na mayar wa kogi ƙasusuwan ayun da Babana ya kama, don haka har yau 'yan'uwansa suna nan a gurbinmu na kogi, suna jiran yaran su girma in kai su su gani. To, Uwargida ta ɗauki wannan magana ta kai lekol, ta miƙe a gaban aji ta ce kakanta yana da ayu a kogi. Yara suka yi mata dariya, wani ɗan banza ya ce kakan nata yana da jirgin sama ma a ƙarƙashin gado. Madam ɗinsu, wato malamarsu, ta raba gardamar da cewa ita dai ayu ɗaya ta sani a garin nan, yana mize, kuma ƙashi ne. Yarinyar ta dawo gida idanu sun kumbura, ta ƙi cin abinci, ta zo ta tsaya a kaina.

"Kaka, ka kai ni in ga na mize ɗin. In na gan shi, sai ka kai ni in ga namu mai rai, in je in gaya musu."

Na ce ƙafata tana ciwo. Ta ce ai moto za mu hau. Na ce rana ta yi zafi, ta ce nan Garwa ce, yaushe ba ta yi ba. Uwarsu tana daga bakin murhu ta sa baki, "Baba, don Allah ku kai su, kwana uku ke nan ba ta bar ni na huta ba." Na duba dama na duba hagu, ban ga sauran mafita ba. Na ce to, ranar Asabar.

Yaran yanzu ba su san ayu ba sai a bakin masu tallar magani a tasha, waɗanda suke ɗaga kwalba suna rantsuwa cewa man ayu ne, alhali man gyaɗa ne da ya kwana biyu. Ayu dabba ce ta ruwa, ba kifi ba ce. Girmansa ya kai na saniya, fatarsa toka-toka, fuskarsa kamar ta tsohon da aka tashe shi daga barci. Ba ya cizo, ba ya faɗa, ciyawar bakin ruwa kawai yake ci. Macen tana da nono a ƙarƙashin hannuwanta, tana rungume ɗanta ta shayar da shi, shi ya sa tsofaffinmu mata ba sa son kallon fuskarsa in an fito da shi. Ba a cika ganinsa ba, jin sa ake yi. In ka zauna shiru a cikin kwale-kwale da sanyin safiya, sai ka ji wani numfashi mai nauyi ya fito daga ruwa, fuuu, ka waiga ka ga hanci kawai, ya nutse. Wannan numfashin har yau yakan zo mini a kunne in ina alwala.

Gidanmu gidan su ne, wato kamun kifi, kakanninmu sun biyo Binuwai da jiragensu tun kafin a haifi Babana, suka zauna ƙasa da gari, inda wani ƙaramin rafi yake shiga kogi ya yi gurbi mai zurfi. A can na buɗe ido. Abin da ke tashe mu da safe shi ne ƙarar filafili yana bugun gefen jirgi, da kukan gauraka a fadama, da tarin Inna a bakin banda, don hayaƙin kifi ya riga ya zauna mata a ƙirji. Aikina tun ina ƙarami shi ne ɗauko itace, juya tarwaɗa a kan banda, da riƙe bakin taru in manya suna ɗinki, in na yi gyangyaɗi a ɗana mini allurar katako a ka. Da damina manyan jirage sukan hauro da gishiri su koma da auduga da gyaɗa, in suka busa ƙaho duk yaran unguwa mu zubar da abin da ke hannunmu mu ruga bakin ruwa. Giwan ruwa kuwa, akwai wanda mutum biyu suke ratayawa a gora wutsiyarsa tana jan ƙasa. Yanzu in na je kasuwa na ga abin da ake kasawa ana kira kifi, wanda da mu ne sai mu mayar da shi ruwa ya je ya kira uwarsa, nakan kau da kai kawai. Kogin yana nan, gada tana nan, amma wani kogi ne daban, shiru ya yi masa yawa.

A duk unguwar, Babana kaɗai ke taɓa ayu, kuma sau ɗaya tak a shekara, lokacin da ruwa ya fara ja da baya. Sai ya yi kwanaki yana zagaya gurbin yana duba ciyawa, daga yadda aka yage ta yake gane ko namiji ne ko mace mai goyo. In mace ce, shekarar ba ayu ke nan, kowa ya haƙura. In namiji ne, sai ya fita da zagonsa, wato mashin nan mai igiya, ya jira shi. Naman ba a sayarwa, rabawa ake gida-gida, man kuma Inna ta ajiye wa masu ciwon gaɓoɓi. Amma dokar da ta fi kowace ƙarfi tana kan ƙashi. Ba a sa wa ayu gatari. Da wuƙa ake bin gaɓa a raba, kuma duk gidan da ya samu nama da ƙashi a jiki, sai ya dawo mana da ƙashin. Inna ta wanke su tas, ta jera a kan tabarma, Baba ya duba har ƙananan na yatsu, ya tabbatar babu wanda ya ɓace. Sannan a naɗe su cikin sabuwar tabarma a kai gurbi a nutsar. Limamin unguwa ya taɓa yi masa magana, ya ce wannan yana kama da ragowar al'adun da. Baba ya ce, "Malam, ni ba na roƙon kogi komai, Allah nake roƙo. Amma in maƙwabci ya aiko maka da tuwo, tuwon naka ne, kwanon nasa ne. Ka wanke ka mayar. Wanda ya riƙe kwano, shi ya ce a daina aiko masa." Liman ya yi dariya, kuma bai taɓa mayar da rabonsa na nama ba.

Shekarar da abin ya faru na fara tsirar gemu, ina ji da kaina, ina ganin duk abin da tsofaffi suke yi ɓata lokaci ne. Baba ya kama wani babban namiji, sai da mutum takwas suka jawo shi tudu. Kwana biyu bayan haka kurkunu ya fito masa a ƙafa, ya kasa taka ƙasa. Ƙasusuwa suka taru, aka wanke, aka naɗe. Ya kira ni ya ce, "Kai, zo nan. Bana kai za ka mayar da kwanon." Ya faɗe ta kamar yana aike na sayen gishiri, amma Inna ta juya baya tana share ido da bakin zane, don ta san abin da ake nufi. Ba a taɓa ba wani wannan aiki ba sai wanda zai gaji zago.

Na ɗora naɗin a ka na nufi mashaya. A can na tarar da wata mota a ƙarƙashin tsamiya, da wani Bature mai jan wuya da tafintansa. An daɗe ana labarinsa, yana yawo ƙauyuka yana tara ƙahon gwanki, ƙwan jimina, fatar mesa, har da ƙwari a cikin kwalabe, mutane suna cewa taɓaɓɓe ne. Ya ji labarin ayun, shi ya kawo shi. Tafintan ya sa na kwance tabarmar. Baturen ya durƙusa a cikin taɓo da wandonsa mai kyau, yana ɗaga ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya. Tafinta ya ce mini ya yi shekaru yana nema, ko'ina ya je sai ya tarar an daddatse su da gatari, bai taɓa ganin cikakke ba sai yau. Ka ji fa, ladabin Babana shi ya sa abin ya yi daraja a idonsa. Na ce ba na sayarwa ba ne. Baturen bai yi ciniki ba. Ya kwance agogon da ke hannunsa, ya kara mini a kunne. A duk unguwarmu babu mai agogo, sai ma'aikatan jirgi muke gani da shi suna ɗaga hannu a gaban 'yan mata. Na ji yana cas, cas, cas, kamar wani abu mai rai. Ba wanda ya tilasta ni, ba wanda ya yaudare ni. Kwaɗayi ne, kuma nawa ne.

Ko ɓarawo yana da ɗan abin da yake lallashin zuciyarsa da shi. Lokacin da suke kwasa, na faki idonsu na zare ƙashin haƙarƙari guda na cusa a cikin wando, na ce wannan zan jefa a gurbi, kada a ce ban mayar da komai ba. Tafintan ya taya ni muka tsinto jajayen duwatsun marmara a bakin hanya muka cika tabarmar, ya ɗaure ta da hannunsa. Na tuƙa zuwa gurbi. Jiragen baffannina suna kusa, suna kallo, wani ma ya ɗaga mini filafili don taya murna. Na tura naɗin duwatsu ya nutse. Ƙashin kuwa na kasa fito da shi, don duk wanda ya ga guda ɗaya a hannuna zai tambayi dalili. Na ce gobe. Da na koma gida Baba yana kwance, an naɗe kan kurkunun a tsinke. Bai ɗago ba ya ce, "Ka mayar?" Na ce, "Na mayar, Baba." Ya ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka." Ban taɓa jin albarka ta yi mini nauyi irin ta ranar ba.

Agogon ban taɓa ɗaura shi a gaban mutum ba. Ina zan ce na samo shi? Na soke shi a cikin jinkar ɗakina, Inna tana shigowa shara tana cewa gara ta shiga ciyawar nan, tana jin motsinta. Damina ɗaya ya yi, ruwa ya shige shi ya tsaya. Da ruwa ya fara ja, Baba ya zagaya gurbi ya dawo, ya ce ciyawa ba a taɓa ta ba. Shekara ta biyu ma haka. A ta uku, da rani ya tsananta ruwa ya yi ƙasa sosai, na gan shi ya tuɓe riga ya tuƙa shi kaɗai zuwa tsakiyar gurbin ya nutsa. Ya daɗe. Da ya dawo gida yana riƙe da wani jan dutse, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Duk ɗan kogi ya san marmara ba ta zama a gindin ruwa sai in kai ta aka yi. Bai kira ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ajiye dutsen a bakin ƙofar ɗakina, ya shiga nasa ɗakin ya rataye zago a bango. Bai sake sauke shi ba, kuma bai taɓa miƙa mini shi ba. Na yi shekara tara ina tsallake dutsen nan safe da yamma, muna gaisawa, muna cin tuwo a kwano ɗaya, yana jira in buɗe baki, ni kuma ina jira ya tambaya. Har aka ɗauke shi zuwa makwancinsa ba wanda ya riga wani. Da ya zage ni, ko ya kama ni da duka a gaban unguwa, da tuni na warke.

Ɗana, uban su Uwani, ya yi karatu, kuma na sha jin yana bayani a zaure cewa abin da ya kori namun ruwa shi ne datse kogi da aka yi can sama, da jirage masu inji, da tarun roba mai kama har jikan kifi, da yawan mutane. Na san gaskiya ya faɗa. Ni ba yaro ba ne, na san ƙashi ba ya haihuwa. Amma kai yana sanin abu zuciya ta ƙi sa hannu. Na bar sana'ar su, na koma kasuwa sayar da igiya da ƙugiya, muka taso cikin gari, na yi aure, na haifa, na binne, ƙashin nan yana bin kayana daga gida zuwa gida. Yana ƙasan akwatina, a ƙarƙashin rigunan Salla. Ƙashin ayu ba shi da ɓargo, tauri gare shi da nauyi kamar ƙarfe, ya yi santsi ya koma ruwan zuma saboda daɗewa. Uwani ta sha ɗauko shi in tana binciken akwatina neman alewa, nakan ce mata na danne takarda ne. Goben da na ce ta yi shekara hamsin da ɗoriya ba ta zo ba.

Ranar Asabar muka je. Wani dattijo mai koren kaya da tarin makullai ya tarbe mu, ya ce, "Jam na, Baaba?" na ce jam, muka gaisa da Fulatanci, da ya ji yaran suna yi mini Hausa sai ya juya ya kama tasa Hausar mai ɗingishi. Yana buɗe ƙofa wani wari ya buso, irin na maganin da ake sa wa tufafi don asu. Modibbo ya tsaya a bakin ƙofa ya ga zaki yana kallonsa, ya cire takalmi, ya ce, "Salamu alaikum." Da zaki bai amsa ba sai ya juyo, "Kaka, ba ya jin Hausa?" Na ce Bafaranshe ne. Ya matsa kusa ya daɗe yana duban idon, sannan ya ce me ya sa ba ya ƙiftawa. Mai makullai ya ce idon kwalba ne. Yaron ya ciro gyaɗa daga aljihu zai ba wani biri da aka ɗora a kan reshe, yayarsa ta buge masa hannu, "Tushe pa! Kar ka taɓa! Ba ka ga an rubuta ba?" Na yi dariya, har na ɗan manta abin da ya kawo ni.

Muka bi layi. Ga ɓauna, ga gwanki, ga kanki, ga mariya, duk sun tsaya cik, gashinsu ya koɗe, ɗinkin cikin wasu ya fara buɗewa har ana ganin abin da aka cusa. Uwani tana karanta sunayensu da Faransanci, ni ina gaya mata na Hausa, wasu ta maimaita, wasu ta ce sunan ya yi kama da zagi. Na nuna musu gauraka na ce wannan ita ke tashe mu da safe, Modibbo ya ce in yi masa kukanta, na gwada, muryata ta ƙi, mai makullai ya yi ta dariya. Na tuna wata safiya da garken mariya ya sauko shan ruwa a tsallaken gurbinmu, sun fi a ƙirga, Inna ta ce mu yi shiru mu bar baƙi su sha. Yau ga guda ɗaya a kan katako da lamba a ƙafa, jikokina suna kallonta kamar abin da ya faɗo daga wata duniya. Tausayi ya kama ni, ban san ko na dabbar ba ne ko na yaran.

A can ƙurya, kusa da taga, yana nan. Tun daga nesa na gane ayun Babana. An jera shi a kan sandunan ƙarfe, an ɗaure gaɓoɓin da waya, kansa yana kallon bango. Ga tabon zagon Babana a kan allon kafaɗa, inda bakin ƙarfen ya karce. Ga ƙananan ƙasusuwan da Inna ta wanke da hannunta. Modibbo ya ɗora tafinsa a iska kusa da na ayun ya ce, "Kaka, yana da yatsu irin nawa." Uwani ta sunkuya kan wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa, tana bi da yatsa.

"Lamantan, ayu ke nan. An samo shi a Binuwai, kusa da Garwa. Kyautar wani masunci." Ta ɗago da murna. "Kaka, masunci! Ka san shi?"

Ta zagaya ɗaya gefen tana ƙirga haƙarƙarin da baki, sai ta tsaya, ta kira mai makullai da Mushe, yadda suke kiran malamai maza a lekol.

"Mushe, wannan ba irin sauran ba ne."

Mai makullai ya ce idonta yana da kyau. Ya ce katako ne aka sassaƙa aka shafa wa fenti, tun da aka kawo shi guda ɗaya babu, ba wanda ya san inda ya shiga. Yarinyar ta dubi katakon, ta dubi na kusa da shi, ta lanƙwasa hannunta yadda ƙashin ya lanƙwasa. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata. Ta juyo a hankali.

"Kaka. Irin na cikin akwatinka ne."

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa ya yi tsawo har na ɗauka ba shi da ƙarshe, ashe ƙarshensa yana hannun 'yar shekara takwas. Da zan iya cewa kama ce kawai, kuma da ta yarda, don ba ta taɓa jin na yi mata ƙarya ba. Na nemi benci na zauna. Abin da na kasa gaya wa mahaifina a shekara tara, na gaya wa jikata a gaban baƙo da matattun dabbobi, agogon, duwatsun, har da jan dutsen bakin ƙofa. Hawaye suna bin gemuna ban share ba. Modibbo ya zo ya cusa mini gyaɗar birin a hannu.

Uwani ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta tsaya tana kallona da idanun kakarta.

"To namu mai rai fa?"

"Babu, Uwargida. Tun kafin a haifi babanki babu."

"Ka ce suna jira na."

"Na faɗa. Ƙarya na yi miki."

Ta juya mini baya ta daɗe tana kallon ƙasusuwan. Mai makullai ya yi gyaran murya, ya ce cikin ladabi, in Baaba zai yarda ya kawo wancan guda ɗayan, za su cire katakon, dabbar ta cika, har a rubuta sunana a takarda. Na buɗe baki zan ce to, don na gaji da ɗaukarsa. Yarinyar ta riga ni, ba ta ko juyo ba.

"A'a, Mushe. Na kogi ne."

A kan moto ba ta riƙe rigata ba kamar yadda ta saba, ƙarfen baya ta kama. Muna isa gida ta wuce ɗakina kai tsaye, ta buɗe akwati ta ciro ƙashin, ta je bakin randa ta wanke shi da sabulu, ta yage wani tsohon kallabinta ta naɗe. Uwarta ta yi ta tambaya me ake ciki. Bayan la'asar muka sake fita mu uku.

Na yi shekaru ban taka wajen ba, sai da na tambayi hanya a unguwar da aka haife ni. Inda gidanmu yake a da, yanzu gonar albasa ce. Tsamiyar tana nan, da ita na gane wurin. Kogin ya janye can nesa, ya bar wannan ɓangaren, rafin da ke shigowa ya mutu. Gurbin da Babana ya nutsa ya daɗe bai taɓo ƙasa ba ya zama fili na rairayi, manyan motoci sun shiga har tsakiyarsa, samari suna loda yashi da shebur suna jin waƙa a waya. Na tsaya a inda nake zaton nan na tura tabarmar. Ƙasa ce busasshiya, da sawun taya.

Na ce, "Mu tafi can bakin kogin mu jefa."

Ta ce, "A labarin ka ce a gurbi ake mayarwa."

Ta durƙusa ta fara tono da hannu, yadda mata suke yi da rani in suna neman ruwa a cikin rairayi. Ban san inda ta koya ba, wataƙila a bakina. Modibbo ya taya ta, yana watsa wa kansa yashi a ka. Na durƙusa ni ma, gwiwoyina suna ƙara, babbar rigata a cikin ƙasa. Samarin suka dakata suna kallon tsoho da yara biyu suna haƙa rami. Muka kai tsawon hannu kafin rairayin ya yi duhu, ya yi sanyi, sannan ruwa ya fara tsattsafowa a hankali, ɗan kaɗan, mai launin ƙasa. Muka jira ya taru. Ta kwance kallabin, ta miƙo mini ƙashin da hannu biyu.

"Kai aka aika, Kaka."

Na karɓa na sa shi a ramin. Muka zauna muna jira ruwan ya hau. Inuwar tsamiya ta iso kanmu ta wuce, motocin suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya zo rabin ƙashin ya tsaya, bai ko rufe shi ba.